Marikit da Ƙwan Amana

Dalilin da ya sa mutanen ƙasar Filifin suke dafa ƙwan agwagwa da ɗan tsako a ciki, su cinye shi har ɗan gashin, shi ne labarinmu na yau. Ku daina yatsine fuska. Ku da kuke rububin soyayyar fara, kuke kuma ƙin miya in ba a jefa mata daddawa ba, ba ku da bakin yi wa kowa dariya. Su can suna kiran wannan ƙwai balut, kuma masu tatsuniya sun ce ba tun asali suke cinsa ba.

A da can akwai wani ƙauye a bakin wani babban tafki, gidajensa na gora ne, an ɗora su a kan dogayen dirkoki saboda ruwa. Mutanen ƙauyen ba su da wata dukiya sai agwagi. Su kuwa agwagin nan ba su san kwanci ba. Agwagwa za ta saka ƙwanta a cikin ciyawa da sassafe, ta kakkaɓe fiffike, ta faɗa ruwa neman dodon-koɗi, ko waiwaye ba ta yi. Saboda haka mutane ne suke yi musu kwancin. Sai a soya ɓuntun shinkafa a kasko har ya yi ɗumi, a zuba a kwando, a binne ƙwai a ciki, a rufe da tsumma. Safe da yamma a juya ƙwan, a sake ɗumama ɓuntun, har ranar da za a ji 'yan tsaki suna ƙwanƙwasa ɓawo.

Ba kowane hannu ne ya iya wannan aiki ba. Wanda ya fi kowa iyawa a ƙauyen wata mace ce mai suna Marikit. Ita ba ta gwada ɗumin ƙwai da tafin hannu, sai ta ɗora shi a kan fatar idonta, nan take ta san ko ya yi sanyi ko ya yi zafi. Maƙwabta suna kawo mata ƙwansu, in an ƙyanƙyashe a ba ta rabonta na 'yan agwagi. Amma ba rabon ne ya fi damunta ba. Ranar ƙyanƙyasa take so. Takan zauna ta kara kunne a jikin kwando tana sauraron kukan farko, har abincinta ya huce ba ta sani ba.

Suna da doka ɗaya a kan wannan sana'a. Ƙwan da aka binne a ɓuntu ya zama amana, ba a cinsa ko da yunwa za ta kashe mutum. Wanda kuma ya lalata ƙwan mutane da sakaci, sai ya fasa ɗaya a gaban jama'a ya haɗiye, daga nan ba mai sake ba shi ƙwai ya ƙyanƙyashe. Duk wanda ya taɓa jin warin baragurbi ya san wannan hukunci ba wasa ba ne.

Wata shekara aka yi guguwa mai ruwa irin wadda tsofaffi ma ba su taɓa gani ba. Tafki ya cika ya tumbatsa, ya tafi da agwagi, ya kwantar da shinkafa a gona. Da gari ya lafa, abin da aka tsira da shi sai ƙwan da aka tsince kafin ruwan, kwando biyu. Aka kai su gaban Lola Sela, tsohuwar da take raba gardama a ƙauyen. Lola a bakinsu kaka ke nan. Tsohuwa ta riƙe ƙaramin kwando a wajenta, ta tura wa Marikit babban.

Ta ce, “Marikit, ga agwagin baɗi na gida goma sha wani abu. Ba sai na yi miki dogon bayani ba.”

Marikit ta ce, “Na ji, Lola.”

Da fari komai ya tafi daidai. In rana ta ɗan leƙo, sai ta kara ƙwai a wata 'yar kafa da ke jikin bangon gora, ta ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki. Daga baya ta fara ganin ɗan duhu yana motsi. Ƙwai ya wuce rabin kwanakinsa ke nan, sai ruwa ya dawo, ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Ɗaki ya fara yoyo. Ɓuntun da ta tara ya jiƙe, in ta soya shi sai ya yi tururi ya dunƙule, kafin ta kai shi kwando ya huce. Wata safiya ta ɗora ƙwai a fatar idonta, ta ji shi da sanyi-sanyi.

Ana cikin haka sai ga wanta Ambo ya hau tsani, jiƙe sharkaf. Masunci ne, mutumin kirki, amma irin mutanen nan ne da ba a kawo matsala gabansu su rasa dabara, ko da kuwa ba su san kan abin ba. Ya ga fuskarta, ya tambaya, ta gaya masa.

Ya ce, “Wannan ne abin damuwa? Ai ɗumi ɗumi ne. Ɗora tukunyar ruwa a murhu, ki rataya kwandon a sama, tururi ya yi miki aikin ɓuntu.”

Ta ce, “Kuya, ƙwai ba kifi ba ne da za a yi masa banda.” Kuya shi ne yadda suke kiran wa.

Ya ce, “To bar su haka. Kafin yamma sanyi ya gama da su, ki huta da gardama.”

Marikit ta san a nan bai yi ƙarya ba. Ta janye itace daga murhu ta bar garwashi kawai, ta ɗora tukunya, ta ɗaure kwandon da igiya a jikin azara, nesa da bakin tukunyar. Jim kaɗan ta gwada ƙwai a idonta, ta ji ɗumi ya dawo daidai. Ta yi ajiyar zuciya. Amma ta san wannan dabara ba ta kwana biyu ba ce, dole ta nemo busasshen ɓuntu. Ta tuna da wani gida a kan tudu da ruwa bai taɓa rumbunsu ba.

Ta ce, “Kuya, zan je in dawo. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka ƙara itace.”

Ya ce, “Je ki abinki. Ni yaro ne?”

Tana fita, sanyi ya fara ratsa Ambo. Ya dubi garwashi, ya dubi rigarsa da take ɗiga, ya ce ai ƙirare biyu ba su zama itace ba. Ƙirare biyu suka ja ɗan guntun gora, guntun gora ya ja ɗan'uwansa. Wuta ta kama, ɗaki ya yi daɗi, Ambo ya jingina da bango, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ruwa ya tafasa. Harshen wuta ya lashi igiya, kwando ya zarce cikin tukunya, bakinta kuwa da faɗi. Shi dai Ambo ya ji wani ɗan ƙara, ya gyara zama.

Da Marikit ta dawo da buhun ɓuntu a ka, tun daga tsani ta ji ƙamshin da bai kamata ta ji ba. Ta sauke tukunya, ta tsamo ƙwai ɗaya da ludayi. Wannan ba sai an kai shi ido ba, yatsa ma ya ƙona. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta zauna a kan buhun da ta sha wahalar ɗaukowa, ta zuba wa tukunyar ido. Baƙin ciki ya cika ta.

Ambo ya farka ya ga aika-aikar da ya yi. Ya ce, “Mu jira su huce, mu mayar da su cikin ɓuntu. In lokaci ya yi ba su fashe ba, ki ce sanyi ne. Wa zai kai ruwan sama ƙara?”

Ta ce, “Mutane su yi ta jiran agwagin da na san babu su?”

“To ki ce ni ne.”

Ta ce, “Ba kai aka ba ba, Kuya. Ni aka ba, ni kuma na rataya su a kan wuta.”

Ta kwashe ƙwan da zafinsu, ta naɗe kwandon da zane, ta ɗauka zuwa gidan Lola Sela. Kafin la'asar ta sakko magana ta zaga ƙauye, masu ƙwai suka taru a ƙarƙashin gidan tsohuwar, tsakanin dirkoki, inda ruwa ba ya dukansu. Tun ranar guguwa ba wanda ya ci abin kirki a cikinsu, daga ruwan kunun shinkafa sai ganye. Yunwa da fushi kuwa in suka haɗu a ciki ɗaya, ba a rasa masu son ganin an hukunta wani.

Lola Sela ta saurari bayani har ƙarshe. Ta ce, “Kin san doka.”

Marikit ta ce, “Na sani, Lola. A taimaka mini da ɗan gishiri.”

Wani ya ce ba a sa gishiri a hukunci. Tsohuwa ta ce doka ba ta hana ba, ta sa aka kawo.

Marikit ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta ƙwanƙwasa kansa a jikin dirka, ta ɓare ɗan wuri. Ta leƙa ciki ta ga ɗan baki da ɗan fiffike a naɗe, abin da ta yi kwana da kwanaki tana juyawa safe da yamma. Ba ta iya sake kallo ba. Ta barbaɗa gishiri, ta runtse ido, ta kurɓe ruwan da ke ciki.

Mutane suka ja da baya suna jiran amai. Amma abin da ya sauka a maƙogwaronta romo ne mai ɗumi, kamar na kazar da aka daɗe ana dafawa. Ta ɓare sauran ta cinye, gwaiduwa da tsako duka, idonta a rufe. Hawaye ya zubo mata. Jama'a suka ɗauka ƙyama ce, alhali kunya ce ta kama ta, don ta ji daɗinsa, cikinta ma yana neman ƙari.

Wata mata da ta fi kowa yawan ƙwai a kwandon ta ce, “Ni ban ga ta wahala ba. A ba ta na biyu.”

Aka ba ta, ta cinye. Aka ba ta na uku. Zuwa lokacin ƙamshi ya cika ƙarƙashin gidan, masu fushi sun fara haɗiyar yawu. Ambo, da abin duniya ya ishe shi, ya matso gaba.

Ya ce, “Lola, ni na ƙara itacen. In akwai hukunci, a ba ni rabona.”

Tsohuwa ta miƙa masa ɗaya. Ya yi yadda ya ga ƙanwarsa ta yi, ya rufe ido ya kurɓa. Shi kuwa Ambo bai iya ɓoye komai ba. Ya buɗe ido, ya lashi yatsa, ya ce, “Lola, laifina fa ya fi nata girma. Ɗaya ba zai isa ba.”

Lola Sela ta dube shi, ta dubi kwandon. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta ce tunda ita ta zaɓi wadda za a ba amanar, ita ma tana da kaso a laifin. Da tsohuwa ta kai na biyu baki, sai kowa ya tuna da wani laifi nasa. Wannan ya ce ya ga ɗakin Marikit yana yoyo bai gyara ba, waccan ta ce tana da busasshen ɓuntu ba ta aika ba. Wani ya ruga gida ya kawo ruwan tsami da barkono. Kafin rana ta faɗi, ba abin da ya rage a kwandon sai ɓawo.

Da mutane suka fara watsewa, Marikit ta durƙusa gaban tsohuwar. Ta ce, “Lola, in agwagi sun dawo, za a sake ba ni ƙwai?”

Lola Sela ta ce, “Dokar nan biyu ce, 'yata. Ta farkon ta zo miki da daɗi, ta biyun tana nan yadda take. Agwagin gida goma sha wani abu ne suka tafi a hannunki.”

Ƙaramin kwandon da ke wajen tsohuwar ya ƙyanƙyashe lafiya, daga shi ƙauye ya sake tara agwagi a hankali. Da ƙwai ya yawaita, wata safiya Marikit ta ji ana sallama. Matar nan ce da ta sa aka ƙara mata na biyu ranar hukunci, ɗauke da kwando cike da ƙwai. Marikit ta sauko tsani da sauri, murna ta cika ta, tana zaton an yafe mata.

Matar ta ce, “Ki binne mini su kamar yadda kika saba. In sun wuce rabi, kin ga sun fara motsi, sai ki yi musu irin na ranar nan.”

Marikit ta daɗe tana kallon kwandon, sannan ta karɓa, don ba ta da wata sana'ar. Daga ranar ba ta sake rasa aiki ba, har daga ƙetaren tafki ake kawo mata ƙwai. Tana soya ɓuntu, tana juyawa safe da yamma, tana gwadawa a fatar ido, in tsako ya fara motsi ta ɗora tukunya. Har ta tsufa ba a sake jin kukan ɗan agwagwa a ɗakinta ba.

Shi ya sa har yau a can Filifin ake rainon ƙwan agwagwa sai ya ɗauki rai sannan a dafa shi, a naɗe kwandon da zane don kada ya huce, a fito da shi talla in rana ta yi sanyi. Mai saye ya ƙwanƙwasa kansa, ya sa gishiri, ya fara kurɓe romon. In kuka lura kuma, da yawansu suna kawar da ido kafin su kai sauran baki, kamar yadda Marikit ta yi.