Hankicin Lauratu da Lamba 284

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tajaye mai suna Tanimun, wajen shekarar 1988. Yana neman wata budurwa, Lauratu, wadda ta bar lakwal da wuri amma ba ta bar karatu ba. Duk garin babu wadda ta kai ta iya surfani.

Wata rana da yamma ya zo zance, ya zana 220 a ƙasa da tsinke.

"Nemo mini duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ki tara su."

Ta yi ta zane tana sharewa: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55, 110. Ta ce, "284."

"To, yi wa 284 haka."

Ta tara 1, 2, 4, 71 da 142. Sai ga 220 ta dawo.

Ya ce, "Masana na kiran su aminai. Abin da ke cikin wannan, shi ne waccan. Kuma kowace aminiyarta ɗaya ce tak. Ni ne 220, ke ce 284."

Lauratu ta sunkuyar da kai. A makon nan ta ɗinka hankici biyu da koren zare, ɗaya da 220 ɗaya da 284, ta ba shi nasa, ta ɓoye nata. Ta sallami sauran manemanta. Babanta ya ce ya ba Tanimun zuwa kaka ya turo magabata, in ba haka ba ya daina zuwa ƙofarsa.

Gero ya fara nuna sai ga Saude, ɗiyar gwaggonta, ta zo daga Malbaza a motar siminti, tana ta murmushi.

"Yaya, surfani za ki yi mini. Lamba ce, 284."

Lauratu ta ajiye allura. "Wa ya ba ki ita?"

"Wani malami ne da ke zuwa garinmu duk Lahadi. Wai shi 220 ne. Ni ban gane lissafin ba, amma da daɗin ji."

Lauratu ta tashi. Ta buɗe akwati ta ɗauko hankicinta mai 284 ta shimfiɗa a gabanta. Saude ta daɗe tana kallonsa, sannan ta fashe da kuka.

Da Tanimun ya zo zance, su biyu ya tarar a kan tabarma. Ya yi turus, sannan ya yi 'yar dariya.

"To mi ya yi zafi? Ai addini ya ba ni har huɗu."

Lauratu ta ce, "Ya ba ka, Malam. Da haka ka faɗa mini tun farko, da na yi shawara da zuciyata. Amma ɗaya tak ka ce."

Saude ta koma Malbaza ta shaida wa iyayenta. Lauratu kuwa ta ce wa babanta kada ya jira kowa. Da hutu ya ƙare, Tanimun da kansa ya nemi a sauya masa gari.

Lauratu ta zauna ta warware zaren ɗaya bayan ɗaya, ta wanke ƙyallen ta shanya. Da rana ta haska shi, sai ga sawun allurar yana nan, lambar na karantuwa sarai.

Darasi: Kada ka ari gaskiya ka lulluɓe ƙarya da ita. Kalmar da ka sayar wa mutum biyu ba za ta riƙe maka ko ɗaya ba, kuma wanda ka yaudara zai warke amma tabon na nan. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wata tana riƙe da allura yanzu.