Kafintan Da Bai Ƙarasa Maganinsa Ba

Akwai wani kafinta da abokan aikinsa ke kira Sha-Yanzu saboda gajen haƙurinsa. Ko gam ya shafa wa katako, ba ya iya jira ya bushe. Shekara uku ƙwannafi na damunsa. Da ya ci abinci ya sunkuya kan aiki, sai ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro, ƙirjinsa ya ɗauki zafi kamar ya haɗiyi garwashi.

Da ƙyar matarsa ta lallaɓa shi ya je asibiti. Likita ta rubuta masa ƙwayar rage tsamin ciki, ɗaya kullum kafin karin kumallo, har mako takwas. Ta ce ya rage yaji da maiƙo, ya daina kwanciya da zarar ya ci abinci, ya kuma ƙara wa gadonsa tudu ta wajen da yake sa kai.

"Wannan kam aikinka ne," in ji ta tana murmushi. "In ka gama ka dawo. In babu sauƙi akwai gwaji, akwai wasu hanyoyin, har da tiyata."

Kwana biyar zafin ya lafa. Sai ya jefa sauran maganin cikin akwatin ƙusoshi. Gadon ma bai taɓa shi ba.

"Maigida, ai ba ka ƙarasa ba," in ji matarsa.

"Wanda ya warke me zai yi da magani? Miƙo min yajin nan."

Da ciwon ya dawo, sai ya koma sayen maganin tsotsa a kemis. Sannu a hankali loma ta fara tsaya masa a ƙirji. Ya riƙa kora ta da ruwa, bai gaya wa kowa ba. Ran nan da rana tsokar nama ta maƙale masa, ko miyau ya daina wucewa. Wansa ne ya garzaya da shi asibiti.

Aka zura masa 'yar kyamara ta baki, aka ciro naman. Likita ta nuna masa hoton.

"Tsamin ya daɗe yana ƙona hanyar abincinka, tabo ya tsuke ta. Za mu buɗa ta, amma yanzu magani ba na mako takwas ba ne."

Sau uku ana buɗa ta. Yanzu in an kawo abincin rana, abokansa kan gama su koma bakin aiki, su bar shi da kwanonsa yana tauna a hankali kamar tsoho marar haƙora.

Darasi: Lafawar ciwo daban, warkewa daban. In likita ya ɗora ka kan magani, ka ƙarasa shi, ka kiyaye abin da aka hana ka, ka kuma koma a duba ka. Wanda ya kasa haƙurin mako takwas, yana iya yin na shekaru.