Hannun da Ya Tsaya a Goshi

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna ji!

Kura ce ta sace ɗan Birinya, ta cusa shi a akurkin kaji. Sai ran kasuwa take fito da shi ya yi wa jama'a gaisuwa, a jefa mata ƙashi. Birinya ta yi ta cigiya har ta gano gidan, ta tarar ko rufe akurkin ba a yi ba.

Ta ce, "Ɗana, kama reshen tsamiyar nan mu gudu!"

Ya ɗaga hannu, hannu ya kai goshi ya tsaya cak. Kafaɗa ta sandare, iyakarta gaisuwa. Ya yunƙura zai yi tsalle, sai ga shi durƙushe.

Kura na kwance tana sakace, ta ce, "Ai tuni na daina rufewa. Ina za shi? Dubi ladabin da na koya masa!"

Birinya ta ce, "Ladabi? Allah ya isa! Biri na haifa, kin mai da mini shi turmi!"

Ta goya ƙaton ɗanta kamar jinjiri, ta haye tsamiya tana huci. Har suka kai ƙoli hannunsa na goshi, yana gaida Kura.

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɗan kusu!