Kwaɗo a Motar Kifi

An ce wai a wani gari na bakin babban titi an yi wani Sarkin Kasuwa mai suna Nadabo, mutum mara yawan magana, wanda in ya yanke hukunci ba a sake tayar da zancen. A zamaninsa ne aka yi wani direba, Jatau, mai jan rufaffiyar a-kori-kurar Alhaji Tukur mai ɗakin sanyi. Aikinsa ya loda kwalayen kifi mai ƙanƙara da safe, ya bi masu abinci rumfa-rumfa yana sauke wa kowacce nata kafin rana ta narkar da kayan. Wanda bai taɓa yi ba zai ce aikin banza ne. To, ba banza ba ne. Ga cunkoso, ga ramuka, ga mata kowacce ta ɗora mai a wuta tana jira, wadda ka makara wa kuwa ta wanke ka tas a gaban masu cin abincinta. A wannan aikin Jatau ya yi furfura, da shi yake ciyar da gidansa, kuma bai iya wani ba.

Wata safiya ya taso da mota cike, sai ya tarar da taro a kwanar shiga gari. Wata mota ta buge wani mai tura kurar ruwa ta gudu. Mutumin na kwance cikin jini, jama'a na ta salati, motoci na rage gudu su leƙa su wuce, don kowa na tsoron a ce shi ya buge. Jatau ya taka birki. Gaban motar ba ya ɗaukar mutum a kwance, sai aka buɗe baya aka shimfiɗa shi a kan kwalayen kifi. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka sauke gawar, Jatau ya tsaya yana kallon kayansa. Kwalayen sama duk jini. Ya ce a ransa, kifin ai yana cikin leda, babu abin da ya taɓa shi. In ya koma ya faɗa wa Alhaji, za a ce wa ya aike shi. In ya faɗa wa matan, babu wadda za ta karɓa. Sai ya kewaya bayan wani gidan mai, ya yage kwalayen da suka ɓaci, ya nemo wasu ya juye kifin, ya wanke cikin motar, ya kama hanya. Duk rumfar da ya je sai ya ce taya ce ta yi masa faci.

Al'adar masu abincin garin ce, direban da ya kawo kaya ba ya tafiya sai an soya masa daga cikin abin da ya kawo. A rumfar ƙarshe, ta Inna Kande, wadda ta girme su duka, aka soya masa nasa aka barbaɗa yaji.

"Zauna ka ci, ɗan nan," in ji ta.

"Na ƙoshi, Inna."

"Kai ɗin? Kai da ko ƙaya ba ka bar wa kyanwa? Ko wata ta fara yi maka girki ba mu sani ba?"

Ya ce cikinsa ne ba daɗi, ya ja mota ya tafi.

Da a nan maganar ta mutu, amma 'yan'uwan mamacin mutanen kirki ne. Bayan an share makoki suka shigo kasuwa suna neman direban motar kifi don su yi masa godiya. Suka faɗa rumfar Lantana, mace mai kaifin baki, suna ta sa masa albarka.

"A ina ya ɗauko shi?" in ji Lantana.

"A baya, Hajiya, a kan kayansa ma ya kwantar da shi. A nan ya cika. Allah ya saka masa da alheri."

Kafin azahar labari ya game kasuwa. Masu cin kifi suka koma cin wake. Aka sa wa motar suna motar gawa. Matan suka rantse ba su ƙara karɓar kifin Alhaji Tukur muddin Jatau ne a kan sitiyari. Alhaji ya ce Jatau ya ba shi makullin motarsa. Direbobin kasuwa kuma suka ce in aka kori Jatau don ya taimaki mutum, su ma sun ajiye motoci. Sai aka ɗunguma wurin Sarkin Kasuwa.

Lantana ce ta fara. "Ranka ya daɗe, da hannuna na soya, na sayar wa bayin Allah, na kai wa 'ya'yana saura. Yanzu ko warin kifi na ji sai zuciyata ta tashi. Ya tsaya a gabana yana ce mini taya. Taya!"

Alhaji Tukur ya ce, "Ni motar kaya na ba shi, ba motar asibiti ba."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne yana mutuwa. Kifin kuwa a leda yake, wallahi lafiyarsa ƙalau."

Nadabo ya auna zancen. Ya san in ya kori Jatau, babu direban da zai sake tsayawa don wani a garin nan. In kuma ya sallame shi haka nan, babu matar da za ta sake yarda da abin da aka sauke mata. Sannan ya dubi matan.

"Na ji kukanku. In kuna so, yau zan kafa doka: motar abinci ba ta tsaya wa kowa a hanya. Amma wadda take so ta miƙe ta faɗa da bakinta, a gaban jama'a, cewa ko ɗanta ne a kwance, direba ya wuce."

Babu wadda ta miƙe. Lantana ta shiga gyaran ɗankwali.

Nadabo ya ce, "To, Alhaji, makulli ya zauna a hannun Jatau."

Direbobi suka fara murna. Jatau har ya yunƙura zai yi godiya. Nadabo ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Jatau, ka ce kifin lafiyarsa ƙalau. Ranar nan, da aka soya maka naka, ka ci?"

Inna Kande ce ta amsa, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Na soya masa, ranka ya daɗe. Ya ce ya ƙoshi. Ni kuwa na ga kada a yi asara, na zauna na cinye rabonsa."

Ba ta ko dube shi ba. Jatau ya gwammace da marinsa ta yi.

Nadabo ya ce, "Ka ji. Bakinka ya ce lafiya, cikinka ya ce a'a, kuma cikinka ne mai gaskiya. Tsayawar da ka yi, Allah ne zai biya ka, ba mu ba. Amma ka miƙa wa mutane abin da kai ka kasa ci, ka hana su zaɓi. Saboda haka gaban mota naka ne, baya ba taka ba ce. Daga gobe Alhaji zai garƙame ƙofar kaya da kwaɗo tun daga ɗakin sanyi. Kowace mai rumfa za a yanka mata mabuɗi, kai ba ka da shi. In ka sake ganin mutum a kwance a titi, ka fasa kwaɗon, ni zan sayi wani. Fasasshen kwaɗo zai faɗa musu abin da bakinka ya kasa faɗa."

Haka aka yi. Matan suka koma karɓar kifi, direbobi suka koma aiki, Jatau bai rasa abincinsa ba. Sai dai kullum in ya iso rumfa, sai ya sauko ya koma gefe ya harɗe hannu, yana jira mace ta kwance bakin zanenta ta ciro mabuɗi, ta buɗe masa motar da ya tsufa yana ja, ta leƙa ciki kafin ta ce ya sauke. Babu wadda ta sake zaginsa. Babu kuma wadda ta taɓa mantawa ta leƙa. An ce ya sha faɗa wa abokansa cewa da ranar nan ya buɗe baki ya ce, ga abin da ya faru, mai so ta ɗauka, da yini guda kawai zai yi asara.

Duk mai ɗaukar abincin mutane ya riƙe wannan: abin da ka ƙi kai wa bakinka, kada ka miƙa wa wanda ya yarda da kai kana shiru, don alherin da ka yi wa wani ba zai wanke ƙaryar da ka yi wa wani ba.