Ranar da Dattijo Irmiya Ya Faɗa Rijiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can da daɗewa, sunansa Habila. Shi ne faston ikilisiyar, amma kowa Habila yake ce masa, shi kuma ya amsa.

To, ku saurara. Sai faston garin maƙwabta ya zama Babban Manzo Bishop Dakta. Dattijo Irmiya, shugaban dattawan coci, abin ya tsaya masa a wuya. Ya tara mutane ya ce, "Bishop yana cikin Littafi, manzo ma yana ciki. Mu namu ne zai zauna haka tsirara, ba laƙabi?"

Mama Rifkatu ta zumuntar mata ta ce, "Baba, a cikin Littafin nan kuma aka ce dukanmu 'yan'uwa ne."

Aka yi ta musu, kowa da ayarsa a hannu. Irmiya ya yanke hukunci: daga yau Rabaran Bishop Dakta Habila. Wanda ya tsallake ko ɗaya wajen kiransa, bencin baya na masu horo, wata guda. In Habila ya ƙi, a roƙi a canja shi. Habila yana son mutanensa, ba ya son rabuwa da su, sai ya haƙura.

Ran nan Irmiya ya je duba rijiyar da ake haƙa wa coci, ƙafa ta zame, sai ga shi a ciki. Jama'a, kun san me ya fito daga bakinsa? "Habila! Habila!" Ba Rabaran, ba Bishop, Dakta ma ya tsaya a waje. Habila ya sheƙo da igiya ya jawo shi, matan zumunta kuwa duk sun ji.

Ranar Lahadi Irmiya ya lallaɓa bencin baya, kunya kamar ta kashe shi. Habila ya sauko daga bagade ya zauna kusa da shi, ya ce, "Baba, matsa mini. Kai ka kira, ni na amsa, laifin namu ne tare." Daga bencin nan ya yi wa'azinsa, kowa ya juya wuya yana kallonsa. Ba a ƙara zancen dokar ba.

'Yan'uwa, girmama shugabanni ba laifi ba ne. Amma sunan da za ka kira kana cikin rami, shi ne sunan gaskiya. Kai da kake fushi don an manta sa maka laƙabin Dikon a katin biki, tambayi kanka: in wani ya faɗa rami yau, sunanka zai zo bakinsa?