Mutumin da Ya Auna Sulkensa a Jikin Waya

Akwai wani mutum a wani gari, malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Shekarunsa sun haura arba'in, yana da mata da 'ya ɗaya, Tabita, wadda ta tafi karatu wani gari. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, sai dai idan ya faɗi magana ya faɗa ke nan, domin ya saba amsarsa ce daidai a kan allo.

Wata rana ya samu wani wasan bidiyo a wayarsa, wasan kuwa ya shiga ransa. A cikin wasan akwai wani jarumi mai sulken azurfa da jan kwalkwali, faffaɗan ƙirji gare shi, ƙugunsa siriri kamar na zanzaro. Sai mutumin ya ji labari za a yi taro da gasar masu irin wannan wasa a babban ɗakin taro na garin, inda kowa zai zo sanye da kayan jarumin da yake so, waɗanda ya haɗa da hannunsa. Bai taɓa haɗa ko akwatin kwali ba, amma ya je ya ba da sunansa. Bai tsaya nan ba, ya sanar da malaman makarantarsu duka, ya ce ranar Asabar ɗin taron su zo su ga aiki. Suka ce za su zo, har da shugaban makaranta.

Ya sayo tabarmin roba masu kauri, irin waɗanda ake shimfiɗa wa yara a aji. Ya sayo gam na masu gyaran takalma, da reza, da fenti. Sa'an nan ya ɗora rula a fuskar wayarsa, ya auna jarumin daga kai zuwa ƙafa, ya auna faɗin kafaɗarsa da ƙirjinsa da ƙugunsa. Ya san tsawon kansa, don haka ya ninka kowace lamba yadda jarumin zai kai tsayinsa. Ya sake bin lissafin sau uku, babu kuskure ko ɗaya.

Matarsa Kaziya tela ce, shekara ashirin tana kan keken ɗinki. Da ta ga ya ɗauki reza zai fara yanka, ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta ta ce, "Baban Tabita, tashi in auna ka tukuna."

Ya ce, "Maman Tabita, wannan ba ɗinkin riga ba ne. Na yi lissafi, lissafi kuwa ba ya ƙarya."

Ta mai da tef ɗinta wuya ta koma kan aikinta. Ku kuwa bari in gaya muku abin da bai faɗa ba. Shekara bakwai ke nan bai yarda tef ya zagaya cikinsa ba. Duk sa'ad da za ta ɗinka masa wando, sai ya ce, "Talatin da huɗu ne, kamar yadda kika sani," wato awon ranar aurensu. Alhali tuwo da miyar gyaɗa na shekara ashirin ba su tafi a banza ba.

Mako biyar ya yi yana aiki bayan an tashi makaranta. Ya koyi gasa robar a kan garwashi har ta yi laushi ta lanƙwasu. Ya ƙone yatsa, ya yanke wani, bai fasa ba. Ni ba zan rage masa ba, aikin ya yi kyau. Da ya shafa fentin azurfa ya jingina sulken a bango, maƙwabta har leƙowa suke yi. Amma duk tsawon makonnin nan bai sa shi a jikinsa ba ko sau ɗaya, wai kada fentin ya ɓaci.

Ranar Laraba da la'asar, saura kwana uku taro, ya ɗauko sulken zai gwada. Kafaɗun suka zarce nasa da taƙi guda kowane gefe. Gaban da bayan suka ƙi haɗuwa a ciki, tsakaninsu tafin hannu zai wuce. Ya ja numfashi ya haɗiye tumbinsa, ya ɗaure igiyoyin sulken da ƙarfin tsiya har suka kama. Ya tsaya gaban madubi idanunsa sun firfito, ya ce a ransa, to, ai ga shi ya shiga. Sai ya sunkuya zai ɗauki kwalkwalin a ƙasa. Nan take sulken ya yage daga hammata har ƙugu.

Ya zauna a bakin gado da tsumman robar a jikinsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Tabarma biyu kacal suka rage masa, a kasuwa kuma an ce sun ƙare sai wani watan. Idan ya sake ɓata waɗannan, ranar Asabar malamai za su cika kujeru, a kira sunansa, babu shi.

Ya ɗauki tef ya rufe ƙofa ya auna kansa. Ya auna sau uku, ya samu lamba uku, domin duk sa'ad da tef ɗin ya zo ciki sai ya iske ya shanye shi ba tare da ya yi niyya ba. Bayansa kuwa hannunsa bai kai ba, idonsa ma bai kai ba.

Daga ƙarshe ya buɗe ƙofa ya je inda matarsa take ɗinki. Ya tsaya gabanta ya ce, "Maman Tabita, ki taimake ni."

Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma tuna masa da maganar lissafi ba. Ta juya yagaggen sulken ta duba, ta ce, "Wannan abin ba ya miƙewa kamar yadi. Tef kaɗai ba zai isa ba, sai mun ɗauki siffar jikinka gaba ɗaya. Cire riga, ka bar singileti."

Ta kawo leda ta naɗe shi daga hammata zuwa ƙugu. Ta ɗauko salatif mai faɗi za ta bi kan ledar, sai ta tsaya.

"Saki numfashinka."

"Na saki."

"Baban Tabita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saki duka."

Ya rufe ido ya saki. Tumbin ya sauko ya zauna inda ya saba zama. Ta naɗe shi da salatif zagaye bayan zagaye, yana tsaye hannuwa a buɗe, gumi yana zuba. Ta zana layukan sulken a jiki da biro, sa'an nan ta zagaya bayansa da almakashi. Da sanyin ƙarfen ya taɓa fatarsa ya zabura.

Ta ce, "Kada ka motsa. Ni ina ganin inda nake yankawa."

Ya tsaya cak har ta tsaga shi daga ƙugu zuwa wuya, ta ɓare kwanson ta ajiye a kan tebur. Ga siffarsa nan a tsaye, kafaɗu a rusune, ciki a gaba, babu abin da ya ɓuya. Ya dube ta, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

"Amma wandunana talatin da huɗu ne, kuma suna shiga."

Ta ce, "Kai ne kake cewa talatin da huɗu. Ni nake yankawa."

Sai a lokacin ya gane cewa shekara bakwai tana ƙara masa yadi a wando ba ta ce komai ba. Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta taya shi.

Suka yanka kwanson gunduwa-gunduwa a kan layukan biro, suka shimfiɗa a kan tabarmin nan biyu, suka fitar da sabon gaba da sabon baya. Robar ta isa, da ƙyar. Ranar Asabar ya shiga ɗakin taro da sulken da ya zauna masa daram. Bai yi kama da jarumin waya ba, kowa ya ga jarumi ne mai tumbi, bai kuma ci na ɗaya ba. Amma ya ɗaga takobin robar da ya haɗa sama, ya durƙusa ya miƙe, ya zauna ya ci shinkafa da abokan aikinsa, ko haɗi ɗaya bai saki ba. Da shugaban makaranta ya tambaye shi wace dabarar lissafi ya bi, ya nuna matarsa ya ce, "Tsayawa na yi aka auna ni."

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne.

Jarumin cikin waya shi ne mutumin da muke so a ɗauka mu ne: wanda ba ya fushi, ba ya shakka, gidansa lafiya lau, addu'arsa ba ta yankewa. Wani lokaci a jikin wani ɗan'uwa muke ganinsa, wani lokaci mu ne muka zana shi da kanmu. Sai mu auna shi mu yanka rayuwarmu a kansa. Ku lura, malamin nan bai yi kuskuren lissafi ba, bai kuma yi ragwanci ba. Ya sha wahala, ya ƙone yatsa. Laifinsa ɗaya ne, jikin da ya auna ba nasa ba ne. Haka mutum zai shiga ƙungiyar mawaƙa, ya riƙe muƙami, ya haddace ayoyi, duk a kan awon wani. Yana tsaye a gaban jama'a abin zai yi kyau. Ranar da rayuwa ta ce ya sunkuya, ranar ciwo ko rashi ko jaraba, a nan zai yage, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Talatin da huɗu ita ce amsar da muke ba Allah da mutane. Wasunmu har a gwiwa muna shanye ciki. Muna roƙon gafarar ƙananan abubuwa mu tsallake babban, kamar wanda ya yi mu bai san awonmu ba. Ya sani. Ya daɗe yana yi mana alheri daidai da ainihin yadda muke, mu kuwa muna tsammani lambarmu ce take aiki.

Kada kuma wani ya ce zai shiga ɗaki ya gyara kansa shi kaɗai. Kun ga abin da ya faru da aka rufe ƙofa. Akwai wurin da idonka ba ya kai, shi ya sa Ubangiji ya ba mu juna: miji ko mata, dattijon ikilisiya, aboki mai tsoron Allah. Gyaransu yakan zo ta baya, da sanyi kamar almakashi, kuma ba daɗi. Ka tsaya. Ina da tabbaci, ban kuwa faɗa da shakka ba, cewa wanda ya yarda aka san shi yadda yake, Allah zai suturta shi da abin da zai iya aiki a ciki, ya durƙusa a ciki, ya tashi a ciki.

Ba zan aike ku inda ban je ba. Shekara uku ina tsayawa a nan ina koya muku gafara, shekara ukun nan kuwa ban yi magana da ƙanena ba, saboda wata kalma da ya faɗa mini ranar jana'izar mahaifinmu. Duk wanda ya tambaye ni shi, sai in ce yana lafiya. Ranar Alhamis da ta wuce na je wurin ɗaya daga cikin dattawanmu na faɗa masa gaskiya duka, ya kuwa gaya mini abin da ban so ji ba: nawa laifin ya fi na yaron.

Gobe da safe zan shiga mota in je gidan ƙanena. Duk wanda ya gamu da ni ranar Talata, kada ya tsaya dogon gaisuwa, ya tambaye ni ko na je.