Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Akwai wani tela da ake yi wa laƙabi da Dokta, saboda ba ciwon da za ka ambata a shagonsa bai faɗa maka maganinsa ba. Ya daɗe da ciwon suga, don haka gani yake ya fi kowa saninsa.

Da aka gano ciwon a jikin ƙaninsa direba, likita ya haɗa masa har da maganin rage kitse a jini. Ya ce masu suga jijiyoyin zuciyarsu kan toshe a hankali, ko ba su ji komai ba.

Direba ya kawo wa yayansa ledar ya gani. Dokta ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai da kake kamar tsinke, ina kitsen yake? Sha na suga kawai, wannan na masu tumbi ne."

"Yaya, likita fa ya ce..."

"Ni da likitan wa ya fi daɗewa da ciwon?"

Ya jefa ƙwayoyin cikin gwangwanin maɓallai. Direba, bawan Allah, bai taɓa musu da yayansa ba, sai ya ɗauki na suga kawai ya tafi.

Aka kwashe shekaru. Wata rana direba yana canza taya ya dafe ƙirji ya durƙushe. A asibiti aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe, da ƙyar aka ceto shi.

Likita ya tambaya a gaban kowa: "Me ya sa ka bar maganin kitsen?"

Dokta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙanin ya kalle shi, ya kawar da kai.

"Sakacina ne, likita."

Wallahi da zaginsa ƙanin ya yi da ya fi wa Dokta sauƙi. Da ƙyar ya ce, "Ba shi ba ne. Ni na hana shi."

Matar ƙanin ta ja yaranta ta fita, ko kallonsa ba ta yi ba.

Da Dokta ya koma shago ya zazzage gwangwanin. Ga ƙwayoyin nan, ko ɗaya ba a ɓare ba. Direba kuwa bai sake iya doguwar tafiyar da yake ci da iyalinsa da ita ba.

Darasi: Daɗewa da ciwo ba ya mayar da mutum likita, kuma rama ba ta hana jijiya toshewa. Kada ka hana kowa maganin da likitansa ya ba shi. Ku tura wa 'yan'uwa masu ciwon suga.